Shaidar da Ban Ba Ka Ba, Muttaka

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata sha biyu ga Safar, bayan la'asar, Lujain 'yarka ta bugo mini waya daga unguwar Ka'akiyya ta nan Makka, ta ce: "Baba Mailafiya, Baba ya cika." Ciwon ƙodar nan ne ya zama ajali.

Muttaka, shekara talatin kana tura keken gajiyayyu a Mina. Na sha ganin ka ɗauko tsohuwar da ta ɓace wa 'yan tantinsu, ka yi ta zagaye da ita cikin rana har ka sada ta da su, ta miƙo maka kuɗi ka ce addu'a ta ishe ka. Ni ma da na karye a ƙafa, kullum sai ka hau benenmu na Hindawiyya da kunu a hannu, kana tsokanata wai tsufa ne ya kayar da ni.

Lokacin da aka yi maka igama, takardar zama, ka rage shekara goma don kada masu ɗaukar aiki su ce ka tsufa. Da yawa daga cikin mutanenmu haka suka yi, har dariya muke yi wa abin. Bara sai ga wani Hudaifa yana bin gidaje da fom, wai ana rajistar tsofaffi a shirin lafiya na gwamnati, daga shekara sittin zuwa sama. Takardarka ta ce hamsin da bakwai. Ya ce ana iya gyarawa, in an samu wanda ya san haihuwarka ya je ofis ya dangwala yatsa.

Duk Makka ni kaɗai na rage da na san haihuwarka, ni kuwa ba ni da takarda ko ɗaya. Kuma wallahi yaron bai kwanta mini ba. Wa ya aiko shi? Me ya sa yake tambayar mutum nawa ke kwana a kowane gida? Yaushe aka fara neman baƙo har ɗaki don a yi masa magani? Na ce tarko ne, ina dangwala yatsa sai mota, sai jirgin mayar da ni gida.

Sau ɗaya tak ka roƙe ni. Na kawar da kai, ka ce: "Bar shi, Yaya, shekara uku ai kamar gobe ne." Ba ka ƙara tayar da maganar ba, ni kuma na ji daɗin shirunka. Wannan ne yake cina.

Hudaifa ya zo jana'iza, har ya kama makara. Ina kuka ina lura da shi, ko ƙirga mu yake yi. Har yau ban sani ba ko ɗan leƙen asiri ne ko mutumin kirki. Abin da na sani, tsorona na bi na bar ka da ciwo.

To ga shaidar, ko da ba ta da sauran amfani. An haife ka a Gwarzo shekara sittin da takwas da suka wuce, ina da wayo, na ci naman sunanka. Na rubuta da sunana, mai neman kama ni ya karanta.

Ka yafe mini, ƙanena. Allah Ya jiƙan ka, Ya sa jinyar ta zama kaffara, Ya haskaka kabarinka. Saudatu matar ƙanena, ke da 'ya'yanku Lujain da Talal, Allah Ya ba ku haƙuri, ku ma ina neman gafararku.

Mailafiya Gwarzo,
Hindawiyya, Makka.