Malam Uwaisu da Asalin Suga

Malam Uwaisu mutum ne da ba ya barin kalma ta wuce shi bai tambayi iyayenta ba. Halinsa ke nan tun yana saurayi, kuma bai ji da daɗi ba.

Bayan samun 'yancin kai yana koyarwa a wata 'yar firamare kusa da Makarfi, ajinsa kuwa kullum sai raguwa yake yi. Manoma suka ce Bature ya naɗe tabarmarsa, me za a yi da yarensa? Ga rake ya nuna, ga aikin matsa yana neman hannu. Daga Zariya aka aiko cewa in yara ba su dawo ba, za a rufe makarantar.

Da wani ne, sai ya bi gida-gida da goro yana ba da baki. Uwaisu kuwa, Allah sarki, hujja ya tafi nema. Ya hau keke har Zariya, ya sami wani malami Ba'indiye, suka buɗe ƙamus a kan kalmar suga. Ashe Turawan Ingila a bakin Faransawa suka tsince ta. Kafin nan ta Larabawa ce masu cewa sukkar, su kuma daga Farisa suka karɓo, Farisa daga tsohon harshen Indiya, inda take nufin tsakuwa. Ya dawo baki har kunne.

Ya tarar da dattawa a wurin dafa mazarƙwaila, doki yana zagaya injin matse rake. Ya durƙusa ya gai da Baba Ya'u mai unguwa, aka tambayi gida da gona da gajiya, sannan ya zazzage musu labari.

"Kun gani, Baba, Turancin nan ba baƙo ba ne. Har da Larabci a cikinsa."

"Wato aro suka yi wurin Larabawa?" in ji Ya'u.

"Ƙwarai, Baba."

"Allah ya ƙara sani, Malam. To ai ba a zuwa aron turmi gidan da su ma aro suka yi. Larabcin muna da shi a zauren Liman."

Aka gyaɗa kai, aka sa masa albarka, har da curin mazarƙwaila. Abin da ya fi ƙona masa rai, babu wanda ya ƙaryata shi. Gambo tela, da ya bar 'ya'yansa a aji saboda kunyar Malam, washegari ya janye su, ya ce ai Malam da bakinsa ya faɗa.

Kafin damina aka kwashe bencinan makarantar. Aka mai da Malam Uwaisu Ikara, inda ya ci gaba da tonon kalmomi har ya yi furfura, amma bai sake gaya wa uban yaro ko ɗaya ba.