Sunan da Shamwilu Ya Hana Ni

Duk wanda ya taɓa zama gaban Shamwilu Wanzan ya san tambayar da ke zuwa kafin aska ta taɓa kai. Zai jiƙa maka gashi, ya wasa askarsa, sannan ya ce, "Mi as sunanka?" In ka ce Abubakar, sai ya tsaya da wasin, ya dube ka da tausayi kamar wanda aka yi wa rasuwa, ya ce, "Na nawa?" In ka ce Muhammadu, "Na nawa?" Usmanu ma haka. Shi kuwa in baƙo ya tambaye shi nasa, sai ya gyara zaman hula ya ce, "Shamwilu. Ba sai ka riƙe sunan uba ba. In kas shigo Tambuwal kac ce Shamwilu, ko akuya ta kawo ka gidana."

Ni na fi kowa shan wannan tambaya, don ni Abubakar ne, kuma taubashinsa. Babansa wan innata ne, shi ɗan namiji ni ɗan mace, saboda haka tun muna yara bawansa yake kirana. Bari in faɗi gaskiya yau, tunda ba ya nan balle ya yi mini dariya: na yi kishin sunan nan fiye da shekara hamsin. A layinmu mu huɗu ne Abubakar, sai da aka rarraba mu. Akwai Garba Dogo, akwai Garba na Hajiya, akwai Bube, ni kuwa aka bar ni da Garba Gajere. A firamare malam ya taɓa cewa, "Abubakar, fito!" Muka fito mu biyar, aka zane mu duka don ba a tantance mai surutun ba. Shamwilu ma yana shan bulala, har ya fi mu sha, amma ko a nan sai ya yi mini gori. "Bulalata tawa ta ni kaɗai," in ji shi. "Kai taka ta tarayya ta."

Asalin sunan kuwa, babu wanda ya yi aski wurinsa bai haddace ba. Cikin azumi aka haife shi. Kawuna ya je tafsiri, malam ya kawo labarin annabin da Bani Isra'ila suka roƙa ya naɗa musu sarki, ya ce ayar ba ta ambaci sunansa ba, amma malaman tafsiri sun ce Shamwilu ne. Kawu ya dawo gida yana maimaita sunan a hanya don kada ya ɓace masa, ya tarar an haihu. Ranar suna sai da liman ya sake tambaya, Kawu ya ce shi dai shi yake so. Shamwilu kan kawo wannan wuri ya ɗaga aska sama ya ce, "Kun jiya? Alƙur'ani ma bai faɗe shi a fili ba. Abu mai daraja ɓoye shi aka yi."

Da ya gaji zabirar babansa sai abin ya ƙaru, don wanzami ba ya rasa suna. Daga Tambuwal zuwa Dogon Daji babu gidan da bai yi askin jinjiri ba, kuma duk sunan da aka raɗa yana kansa. Ya san shekarar da kowa ya sa Aminu, ya san lokacin da Mubaraku ya cika gari. Yakan ce in ka jefa tsakuwa cikin kasuwar Tambuwal, in ba ta sami Abubakar ba ta sami Muhammadu, in ta kuskure su to Usmanu ne ya duƙa. Nasa kuwa gadinsa yake yi kamar mai gadin gero ranar da tsuntsaye suka sauka.

Abin da ya fi tayar masa da hankali samarin yanzu ne, masu tonon suna cikin waya. Wani malamin firamare, Malam Nasiru, matarsa ta haihu, ya zo aski ana jibi suna. Ina zaune a benci ina jiran layi. An aske masa rabin kai ke nan sai ya ce cikin fara'a, "Baba Wanzan, na samo ma yaron suna cikin waya. Shamwilu. Ashe ma naka na!"

"Ashe ma?" in ji Shamwilu. "Shekara nawa ina ɗauke da shi cikin garinga, sai waya taf faɗa maka?" Ya cire hularsa. "Dubi nan. Sanƙo tun ban yi aure ba. Taurin kai, tambayi Garba. Duk aikin sunanga na. Shi kaka so ma ɗanka?"

Na ce, "Ƙarya shika yi, Malam! Sa mashi, suna na mai kyau!"

Malam Nasiru ya yi dariya ya ce ai ya riga ya gaya wa maijego. Shamwilu ya goge askarsa, ya naɗe ta, ya sa a zabira, ya ce, "To tashi. Tafi waya ta ƙarasa maka." Bawan Allah nan ya zauna da rabin kai ya fi rabin awa yana ba da haƙuri. Ranar suna aka raɗa wa yaro Armaya'u, kuma Shamwilu ne ya zaɓa.

Ranar da na fi jin daɗi a rayuwata, ban da ranar aurena, ita ce ranar da wani ɗan kabu-kabu ya ce akwai Shamwilu a Kebbe, malamin dabbobi da aka turo. Na ga fuskar taubashina ta canza. Ya ce ba ya yarda sai ya gani. Na ce, "Taho in kai ka, ubangidana, babur ɗina lafiya lau." Damina ce, kowa ya san hanyar Kebbe da damina, amma da an ce in goya shi a baya mu tafi da na goya. Ina tuƙi ina rera masa, "Na nawa? Na nawa?" yana dukan ƙeyata da hula. A wata ƙorama muka kife, mu da babur da zabira. Wani Bafulatani mai suna Manu ya bar shanunsa ya ciro mu, ya kai mu rugarsu muka shanya kaya, matarsa ta dama mana fura. Shamwilu ya sha fura ƙwarya biyu, hankalinsa na Kebbe.

Muka sami malamin dabbobin a bakin kasuwa, yaro matashi mai ladabi, daga wata jiha can. Shamwilu ya kewaye shi yana dubawa kamar zai sayi sa.

"Kai as Shamwilu?"

"Ni ne, Baba. Amma nan Likita suke ce mini."

Nan take fuskar Shamwilu ta washe. "Likita! Kai, sunanga ya dace da kai. Riƙe shi da kyau, kak ka bari kowa shi canza maka." Ya zaunar da shi ya yi masa aski kyauta, sannan ya ja hannunsa suka zaga kasuwa yana ce wa kowa, "Ku gaida Likita." A hanyar dawowa shi ya yi ta waƙa, ni na yi shiru.

To ga inda abin ya taɓa ni sosai. Allah ya ba shi 'ya'ya mata biyar, kuma duk mazajensu sunan iyayensu suka sa wa 'ya'yansu maza. Ni kuwa maza uku ne. Duk haihuwa sai in je da goro in ce ya ba ni sunan. Na san babu mai mallakar suna, da na sa kaina babu wanda zai kama ni. Amma shi ne wanzamin gidanmu, ya kuma rantse askarsa ba ta taɓa kan takwaran da bai yarda da shi ba, Inna kuma ta ce in na jawo faɗa da ɗan wanta ba ta yafe ba. Na farko ya ce, "Bawa da kayan ubangida? A'a." Na biyu ya ce, "Ku da kunka saba da taro, yaron kaɗaici za shi ji." Na uku bai ma bari na zauna ba, ya karɓi goron ya ce, "Na gode. Umaru ya yi." Na fita ina haɗiyar zuciya. Nakan ce wa mutane so nake in karya masa gori, amma har ga Allah so nake sunan ya shigo gidana.

Bayan shekaru, ranar kasuwar Dogon Daji, wani ya dafa ni. Manu ne, Bafulatanin ƙorama. Muka gaisa, na tambayi shanu da iyali, ya ce duk lafiya, takwaran ɗan'uwana ma har ya fara bin maruƙa. Na ce wane takwara? Ya ce Shamwilu mana, ai Baba Wanzan da kansa ya je ruga ya yi askin suna, shi ya ce a sa.

Ban sayi abin da ya kai ni kasuwa ba. Na hau babur na zo na same shi a rumfa yana yi wa wani ƙaho.

"Ni kah hana sau uku, kab ba mutumin da yab ba ka fura?"

Ko ɗagowa bai yi ba. "Fura mai kyau ta, kai ma ka sha."

"Shamwilu, ni jininka na!"

"Shi as matsalar. Kai bayan gidana kake. In nib ba ka, kullum sai in ji ana kiran sunana ta kan katanga in amsa a banza. Su Manu kuwa tafiya suka yi. Rani suna kudu, damina suna daji. Sunan shina yawo shina shan iska, amma ba shi kwana Tambuwal."

Wata biyu ban yi masa magana ba. Na koma aski wurin wani yaro mai inji a bakin tasha, ya yi mini wani aski da matata ta ce kada in cire hula ko a ɗaki. Da na koma, Shamwilu ya duba kan ya ce, "Wa yay yi maka haka? Abubakar na ko?" Abin haushin, Abubakar ne sunan yaron.

Bara ciwo ya kwantar da shi. Ana cikin haka matar babban ɗana ta haifi namiji. Ban je da goro ba, na gaji da roƙo, kuma ba a kai wa marar lafiya rigima. Kwana huɗu da haihuwa sai ya aiko a kira ni. Na same shi a jingine, ya rame, zabira na rataye a kansa.

"Garba, ina gorona?"

"Wane goro? Ka ci uku ba ka biya ba."

"Ɗauki sunan. Na ba ka."

Na ce ya maimaita gaban shaidu. Ya kira matarsa ya maimaita. Ranar suna aka kawo shi a babur, an riƙe shi ta baya. Ya ɗauki aska da kansa ya yi wa jinjirin askin suna. Na yanka rago, na zaga unguwa ina cewa Shamwilu ya zama biyu a Tambuwal, kuma na biyun a gidan Garba Gajere yake. Ba a cika wata ba Allah ya yi wa taubashina rasuwa.

Sai bayan an share makoki na lura da abin da ya yi mini. Ɗana ba zai iya kiran sunan ba, don Shamwilu baba ne a wurinsa. Matarsa ba ta iyawa. Matata ba ta iyawa, yaran gida ba sa iyawa, makwabta ma da suka girma a gaban askarsa kunya suke ji. Kowa Abba yake ce wa yaron. A layinmu kuwa akwai Abba uku kafin shi! Mutumin da ya shekara arba'in yana zuwa suna ya fi kowa sanin haka za a yi. Na zauna a zaure ni kaɗai na ce, kai Shamwilu, har ka tafi sai da ka cuce ni. Na tabbata da yana nan zai leƙo ya dubi jikana ya ce, "Abba? Na nawa?"

Ina cikin wannan mita aka miƙo mini yaron in riƙe, uwarsa za ta ɗora tukunya. Sai na tuna a duk garin nan akwai baki ɗaya da bai taɓa jin kunyar sunan ba, bakin taubashi. Ni na kira shi da shi tun muna wasan ƙasa, na zage shi da shi, na yi masa waƙa da shi a hanyar Kebbe. Ashe Shamwilu ya duba gari kaf, ya ajiye sunan a gidan da mai iya faɗarsa yake. Na dubi yaron. Na ce, "Shamwilu." Yaron ya juyo da kai.

Yanzu ni kaɗai nake kiransa haka, safe da yamma, da ƙarfi, yadda za a ji ta kan katanga. In wani ya zo neman sunan don ɗansa, ni ma cewa nake sanƙo yake kawowa.

Allah ya jiƙan ubangidana Shamwilu, ya haskaka kabarinsa, ya yafe masa gorona uku. Ranar da za a kira kowa da sunansa, Allah ya sa in ji an kira nasa cikin mutanen kirki, ya sa ina kusa da shi. Amin.