Gurasar da Na Sa a Ƙarƙashin Jak

Ni ne da laifi. Gara in faɗa tun daga farko, domin na shekara huɗu ina ba mutane labarin nan ta yadda za su yi dariya su ce dabara na yi. Ba dabara ba ce. Gurasar da mahaifiyar abokina ta gasa masa da hannunta na kwasa na sa a ƙarƙashin jak ɗin mota, a bakin hamadar ƙasarsu. Da ya nuna ransa ya ɓaci kuma, ni na ɗaga masa murya.

A lokacin ina tuƙa wani iyali a Al Gharrafa, nan Doha. Ranar Juma'a ce kawai tawa, kuma Al Rayyan nake zuwa wurin 'yan uwanmu masu aikin gadi. A bayan masallacin da muke salla akwai wani ƙaramin gidan abinci, ƙamshin tanderunsa ne ya fara jana, don ya tuna mini da gurasar Kano. Mai gasawar ɗan ƙabilar Uyghur ne, daga wani ƙauye a yankin Kashgar, can yammacin ƙasar Sin. Ranar farko na ce masa, "Sannu ɗan Caina." Ya kakkaɓe garin da ke hannunsa ya ce da ni da Larabcinsa na kasuwa, irin nawa, "Kai in na ce maka ɗan Indiya za ka amsa?" Daga nan muka saba. Yana kirana aka, wato yaya da yarensu, saboda na girme shi da 'yan shekaru. Ni kuma mai tanderu nake ce masa.

Wata bazara maigidana ya kwashe iyalinsa suka tafi Turai hutun wata biyu. Shi ne kafil ɗina, takarduna duka a hannunsa suke, ya sa mini hannu ya ce in tafi inda nake so. Mai tanderu ma hutunsa ya zo, ya ce in bi shi in ga mahaifiyarsa. Gaskiyar abin da ya sa na yarda shi ne ina so a ce a unguwarmu na je Caina. 'Yan kasuwar Kantin Kwari sun cika mana kunne da labarin dogayen benaye da kasuwannin waya, na ɗauka abin da zan gani ke nan.

Abin da na tarar ƙauye ne na gidajen ƙasa, da amalanken jaki, da dogayen bishiyoyi a jere bakin hanya. Bayan gonakin inabi sai rairayi, iyakar ganinka. Na dubi mai tanderu na ce, "Duk wannan jirgi da muka sha, ƙauyen kakata ka dawo da ni?" Ya yi dariya, ya ɗauka wasa nake. Ba wasa nake ba.

Komai na ƙasar ya riƙa ba ni haushi. Agogo biyu suke bi: na hukuma, wanda jirgi da ofis suke aiki da shi, da nasu na gida, wanda ke baya da awa biyu. Ni direba ne, rayuwata duk a kan agogo take. In aka ce ƙarfe tara, sai na tambaya tara ɗin wa. Sau biyu ina shiryawa in zauna a ƙofar gida da takalmi a ƙafa, mutanen gidan ko shayi ba su ɗora ba.

Sai kuma gurasa. Safe gurasa da shayi, in baƙo ya shigo gurasa da shayi, ko an yi shinkafa da naman rago sai an ajiye ta a gefe. Ba irin tamu ba ce mai laushi da ake yayyafa wa ruwa a barbaɗa ƙuli da yaji. Tasu faffaɗa ce kamar faifai, in ta kwana biyu sai ka jiƙa ta a shayi kafin haƙori ya kama. Kuma tana da dokoki. Ba a kife ta. Ba a tsallake ta. Da hannu biyu ake gutsura ta. Ɓarɓashin da ya zuba a kan ƙyallen cin abinci tattarawa ake a kai kan katanga saboda tsuntsaye. Ranar da na ajiye tawa a kife, mai tanderu ya miƙo hannu ya juya ta. Na ce, "Mu ma muna girmama abinci, amma ba mu mayar da shi suruki ba."

Ya ce, "Aka, ci ka yi shiru, tsohuwa tana kallonka."

Mahaifiyarsa tana kallona kuwa. 'Yar ƙaramar mace ce mai ɗankwali fari, ba ta jin Larabci, ni ba na jin yarenta. Duk lokacin da kofina ya yi rabi sai ta cika, ta dafa ƙirjinta, ta tura mini gurasa gabana. Ta yi mini kirki iyakar kirki. Ni kuwa tuwo nake mafarki.

A mako na biyu ɗan kawunsa ya ɗauke mu a tsohuwar motarsa, wata ƙaramar bas, zuwa cikin duwatsu. Tun safe muke hawa. Hanya tana bin gefen kogi, dutse ja a dama, rami a hagu. Ɗan kawun yana taka burki a gangara kamar mai taka rawa, na yi ta yi masa gyara ta bakin mai tanderu, har mai tanderu ya daina fassarawa. Da muka kai sama sai kaina ya fara sarawa, numfashi ya ƙi isata, na yi amai sau biyu. Akwai wani tafki a wurin, shuɗi, da duwatsu masu ƙanƙara a bayansa, a tsakiyar bazara. Yanzu in na rufe ido ina ganinsa, ban taɓa ganin wuri mai kyau irinsa ba. A ranar dai cikin mota na zauna na lulluɓa da bargo, su kuma suka shimfiɗa ƙyalle a bakin ruwa. Mai tanderu ya zo ya ƙwanƙwasa gilashi, ya miƙo mini gurasa. Na ce ya kai wa kafinta, ya fi ni sanin amfaninta.

Ranar da za mu dawo, tsohuwar tun da asuba take bakin tanderu. Na ga tana danna wa kowace gurasa wani ɗan hatimi mai tsinkaye, yana barin zane kamar fure. Guda shida ta gasa manya, ta ɗaure su a wani farin ƙyalle mai jajayen furanni. Mai tanderu ya gaya mini cewa a wurinsu matafiyi ba ya barin gida sai da gurasar gida, ita ce abokiyar tafiyarsa. Ya ce wannan tana wata da watanni ba ta lalace ba, kowace Juma'a zai gutsuri kaɗan ya jiƙa a shayi har hutu ya sake zagayowa.

Na ce, "Kai da kake gasa gurasa kullum a Doha?"

Ya ce, "Wadda nake gasawa ta sayarwa ce."

Jakarsa ta cika da busasshen inabi da saƙon mutane, don haka a tawa aka sa ƙunshin. Tsohuwar ta rako mu har bakin hanya, ta ɗaga hannu biyu tana addu'a.

Ɗan kawun ne ya ɗauke mu a motarsa. Hanyar filin jirgi tana bin gefen hamada na tsawon awanni. A nan tayar baya ta yi faci. Ɗan kawun ya sauka daga kwalta ya tsaya a kan rairayi, abin da ko ɗan koyo a Doha ba zai yi ba, na kuwa gaya masa haka. Muka fito da safaya, muka kafa jak. Da an juya sai jak ɗin ya nutse. Muka tona muka sake kafawa, ya sake nutsewa. Ba dutse ko ɗaya a wurin. Rana ta take, iska tana watsa mana yashi a ido. Su biyun suka ce za su je wurin wasu busassun itatuwa da muka hango can nesa su nemo abin da za a ɗora jak a kai.

Na tsaya ni kaɗai ina kallon agogo. Ban ma san ko wane lokaci yake nuna mini ba, na hukuma ko na gida. Na ga jirgi ya tashi ya bar mu, na ga maigida ya dawo bai same ni ba. Haushin mako uku duk ya taso mini. Na buɗe jakata, na kwance ƙunshin, na jera gurasar shida ɗaya kan ɗaya a cikin ramin. Na sa ƙafa na danna su don su zauna daidai. Na kafa jak a kai. Suka yi ƙara, suka farfashe, amma suka riƙe. Kafin su dawo na canza tayar. Hannuna ya yi baƙi da mai, na goge da ƙyallen.

Suna isowa da guntun kututture a kafaɗa na ce, "Khalas, an gama. Yalla, ku shiga."

Mai tanderu ya dubi ƙyallen da ke hannuna, ya dubi ramin. Ya ajiye itacen a hankali. Ya durƙusa ya fara tsince gutsattsarin daga cikin yashi, kowane sai ya hure shi ya kai goshinsa sannan ya sa a cikin rigarsa. Ɗan kawun ya juya mana baya.

Na ce, "Malam, jirgi fa ba ya jira."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Da ƙafa ka taka, aka? Ga sawun takalminka."

A nan ya kamata in rufe bakina. Sai na hau faɗa. Na ce ba don ni ba da a nan za mu yini, na ce gari da ruwa ne ba Alƙur'ani ba, na ce in mun koma zan saya masa buhun fulawa. Ya karɓi ƙyallen daga hannuna, ya juye gutsattsarin a ciki, ya ɗaure. Mun isa filin jirgi da sauran kusan awa uku. Har muka sauka Doha bai sake kirana aka ba.

Na daina zuwa gidan abincin. In na je Al Rayyan sai in canza layi. Da yammacin Juma'a kuma, in mun taru a Corniche, bakin teku, muna kallon jiragen katako, sai in ba direbobi labarin gurasar da ta ɗaga mota, su yi ta dariya har da riƙe ciki. Wata rana wani dattijo ɗan Zariya mai gadin wani kamfani ya saurara har ƙarshe bai yi dariya ba. Ya ce, "Ita motar ba ta da tabarmar roba ta ƙafa?"

Na ce ban lura ba. Ƙarya na yi. Tana da su, guda huɗu, masu kauri, tun ranar da muka hau duwatsu nake taka su. Duk direban da ya taɓa maƙalewa a rairayi ya san su ake ninkewa a sa. Na gan su a ranar, na wuce su na buɗe jakata.

Wannan tambaya ta hana ni sakat, amma girman kai bai bar ni na je ba. Ina cewa shi ma ai ya san inda nake. Sau uku ina zuwa har ƙofar gidan abincin da mota, in rage gudu, in wuce. Ina jin haushinsa don bai neme ni ba, ina jin haushin kaina don na san ba shi ya kamata ya nema ba.

A shekarar da maƙwabta suka rufe wa Qatar iyaka, na haɗu da wani abokin aikin mai tanderu a shagon kayan miya. Shi ya gaya mini mai tanderu bai sake zuwa gida ba tun tafiyarmu. Da farko hutu aka yi ta ɗaga masa, daga baya al'amura suka canza a ƙasarsu, hukuma ta matsa wa ƙabilarsu. 'Yan uwansa suka ce ya daina kira, sannan lambobin ma suka daina shiga. Bai san ko tsohuwar tana raye ba. Na tsaya riƙe da ledar albasa. Gurasar da na taka ita ce ta ƙarshe da ya samu daga hannunta.

Juma'ar da ta biyo baya na je da hantsi, kafin mutane su taru. Yana bakin tanderu, ya rame, gemunsa ya yi furfura. A kan kanta sama da kansa na ga ƙyallen a ɗaure, tabon man da na goga yana nan bai fita ba. Ya dube ni ya ce, "Ɓatan hanya ka yi, direba?"

Na shirya dogon bayani a mota, duk ya gudu. Na cire hulata na riƙe a hannu.

Na ce, "Akwai tabarmar roba a motar nan. Na gan ta. Ba don jirgi na yi ba, haushi nake ji, na huce a kan gurasar mahaifiyarka, matar da ta ciyar da ni mako uku. Na taka da ƙafata, na goge hannu da ƙyallenta, na yi maka tsawa a gaban ɗan uwanka, na kuma mayar da abin labarin ban dariya. Ba ni da abin da zan mayar maka da shi. Na yi laifi, mai tanderu. Don Allah ka yafe mini."