Iyo da Riga

Jiya ina matse rigata a bakin gulbin Gummi, sai na tuna malaminmu na iyo, wanda muke kira Baba. Da ƙuruciya ya ciyo lambobin yabo a gasar birane, amma da ya dawo gida koyarwa, bai taɓa barin mu tuɓe ba.

Ranar farko doguwar rigata ta naɗe mini ƙafafu, na kurɓi ruwan laka. Na ce, "Baba, ta yi nauyi!"

Ya ce, "Ambaliya za ta jira ka tuɓe? Koma ciki!"

Da riga a jikina na fiddo maƙwabcina jiya, bayan kwalekwale ya kife da shi. Gobe zan tara yaran unguwa, kowa da rigarsa. Allah ya haskaka kabarinka, Baba, ya ba ni taurin kanka.