Ƙulli Na Tara Na Mbah Tuminah

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, cikin azumi, Allah ya karɓi ran Mbah Tuminah a gidanta da ke garin Lelydorp, can ƙasarmu, tana da shekara tamanin da ɗaya. Ina bakin aiki a asibiti a Rotterdam 'yarta Ponirah ta kira ni ta faɗa min. Daga Allah muke, gare shi kuma za mu koma.

Mbah, mutanen Lelydorp za su tuna ki da keken ɗinkinki da kaifin bakinki. Ni kuwa a jirgin sama na san ki, shekara goma sha bakwai da suka wuce, a ranar da ban taɓa jin tsoro irin nata ba.

Na bar 'yata Lastri tana wata shida a hannun mahaifiyata a Tamanredjo, na tafi Holland koyon aikin jinya. Sai da ta shekara biyu da rabi na samu takardun da zan ɗauko ta. Na yi sati biyu a gida, yarinyar nan ba ta yarda na taɓa ko yatsanta ba. “Waccan matar” take ce min. A filin jirgin Zanderij da ƙyar aka ɓamɓare ta daga zanin kakarta. Na shiga jirgi ina tunanin na sato ta daga uwar da ta sani, kuma mai yiwuwa har abada ba za ta karɓe ni ba.

Tafiyar awa tara ce. Tun kafin jirgi ya tashi Lastri ta sandare tana ihu tana kiran kakarta, mutane suna waiwaye suna tsaki. Ke ce a kujerar da ke gefena, 'yar tsohuwa da ƙatuwar jaka a cinya. Kika tambaye ni ko tawa ce, na ba ki labari a taƙaice. Lastri ta hango fuska irin ta kakarta, ta miƙo miki hannu, ni ma na ɗaga ta zan ba ki don in huta. Sai kika naɗe hannuwanki.

“Ni na haifa miki? Riƙe 'yarki. In na karɓe ta yanzu, a can ma wata tsohuwar za ta nema.”

Wallahi na ji haushinki. Na ce a raina, yau na haɗu da marar imani. Can sai na ji kina zunguri na ta ƙarƙashin bargo, kika sa min wani ɗan ƙulli a hannu, an ɗaure shi da ƙyallen ɗinki. Kika raɗa min cewa guda tara ne, kowace awa in ba ta ɗaya, kada in taya ta kwancewa, kuma in yi kamar daga jakata suke fitowa. Kika ce in na kuskura na nuna ke ce mai su, za ki rantse ba ki san ni ba.

Na farko ɗan kwaɗo ne da makullinsa. Kwance ƙullin kaɗai ya ci mata kusan rabin awa, don kin iya ɗauri. Na biyu soyayyen rogo ne, ta ci tana harara ta. Na uku ta yi jifa da shi, ya sauka a kan wani bawan Allah mai sanƙo, kika juya taga kina dariya har kafaɗunki suna rawa. Amma da awa ta huɗu ta yi, da kanta ta leƙa jakata, ta ɗago ta dube ni. Wannan ne karo na farko da ta nemi wani abu a wurina.

A na shida akwai safa da kika ɗinka wa idanu. Na zura hannu, na rasa abin da zan sa safar ta ce, domin ban san waƙar da ake yi wa 'yata ba. Sai kika rufe ido kamar mai gyangyaɗi, kika shiga rera waƙar renon da duk kakannin Tamanredjo suke yi, can ƙasa-ƙasa, yadda ni kaɗai zan ji in bi. Na takwas ɗan mataji ne. Lastri ta miƙe a cinyata tana taje min kai, tana fizga har hawaye suka zubo min, kika murtuke fuska kika ce in daure. Da ta gaji, sai ta kwantar da kanta a ƙirjina ta yi barci, hannunta riƙe da wuyan rigata. Ban motsa ba har muka sauka.

Na tara kika ce in ajiye, kada in kwance sai ranar da dabara ta ƙare min. Na jefa shi cikin akwati, duk shekarun nan ban taɓa kwancewa ba.

Daga baya na gane ba ni kaɗai ba ce. Sau biyu a shekara kike zuwa Holland wurin ɗanki Hendrik, kuma ba kya hawa jirgi sai da ƙulli tara. Ma'aikatan jirgi sun san ki, da sun ji yaro ya ɓarke sai su zo su sauya miki kujera. Hendrik ya ce akwai ranar da wani jami'in bincike ya kwance miki su duka yana neman abin laifi, kika tsaya a kansa sai da ya mayar da kowanne, kina gyara masa ɗauri. Duk zuwanki kuma sai kin biyo ta gidana, ki leƙa tukunyata ki ce miyar nan ta marasa lafiya ce. Lastri ta girma tana kiran ki Mbah, wato kaka a yarenmu, ke kuma har ta shiga jami'a ba ki daina tsokanar ta da zancen mai sanƙo ba.

Ranar da labarinki ya zo, na koma gida na rasa inda zan sa kaina. Na ɗauko ƙullin nan, na zauna ina fama da ɗaurinki, Lastri tana kallo. Hankici ne a ciki, da 'yar takarda da karkataccen rubutunki: “In kin kai nan, kin yi iya ƙoƙarinki. Miƙo min yaron, ki je ki yi kukanki.”

Ashe duk awannin nan da kika naɗe hannu, a shirye kike ki karɓe ta. Na yi kukan, Mbah. Wadda za a miƙa miki ɗin ce ta karɓi hankicin ta share min fuska, ta jawo kaina ta ɗora a ƙirjinta tana cewa, “Ya isa, Mama.”

Ina miƙa ta'aziyyata ga Ponirah da Hendrik, da jikoki, da dukan dangi na Lelydorp da na Holland. Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi. Ni da Lastri za mu zo sadakar arba'in in Allah ya yarda, na kuma fara tara ƙyallaye, ko da yake ɗaurina bai kai naki ba.

Allah ya jiƙan ki, Mbah Tuminah, ya gafarta miki, ya haskaka kabarinki, ya sa Aljanna ce masaukinki. Tafiyar da kika kama ta fi awa tara. Allah ya sa ayyukanki na alheri su zauna a gefenki har ki isa, kamar yadda kika zauna a gefena. Amin.