Alhaji Sodangi Ashafa, Shugaban da Ya Ajiye Kujera

An haifi Alhaji Sodangi a shekarar 1959 a garin Birchi ta ƙasar Kurfi. Mahaifinsa Malam Ashafa falken hatsi ne, mahaifiyarsa kuma Hajiya Rabi ce.

Karatu da Aiki

Bayan ya sauke Alƙur'ani a hannun kawunsa, ya yi firamare a Kurfi, sannan ya wuce makarantar horon malamai a Dutsin-Ma, inda ya kammala a 1979. Ya karantar a ƙauyukan Rawayau da Barkiya tsawon shekaru, har ya kai matsayin hedimasta, kuma jama'a suka shaide shi da cewa in ya faɗi magana ba ya tashinta.

Iyali

A 1983 ya auri Saudatu, 'yar wani dillalin shanu a Dutsin-Ma, Allah ya azurta su da 'ya'ya biyar. Babbansu shi ne Abdullatif, wanda ya karanci aikin gona.

Shugabanci

A 2019 aka ɗora masa shugabancin ƙaramar hukumar Kurfi, a lokacin da 'yan bindiga suka tashi ƙauyuka da dama, manoma suka cika azuzuwan makarantu da iyalansu. Da damina ta kawo jiki, ya tara dattawan wani ƙauye na Barkiya, ya shaida masu an yi masa alkawarin tsaro, ya roƙe su su koma ƙauyensu kada shekara ta wuce ba shuka. Wani tsoho ya tambaye shi ko shi zai yarda nasa ɗan ya kwana can. Ya ce, "Baba, Abdullatif zai bi ku, ya yi noma tare da ku har kaka."

Haka aka yi. Gero ya fara fidda kai maharan suka auka wa gonakin da hantsi, suka kashe mutum tara, Abdullatif na cikinsu. Alhaji Sodangi ya tsaya aka yi jana'izar kowa, ya bi gida gida ya yi ta'aziyya kafin ya zauna karɓar tasa. Bayan sadakar bakwai ya ajiye kujerar. Da abokan siyasa suka matsa masa, ya ce masu, "Da bakina na kai su. Ba ni da sauran maganar da zan faɗa wa talaka."

Ƙarshen Rayuwa

Ya koma Birchi ya kama noma, kuma kowace kaka yakan raba abin da ya samu ga matan mamatan. Ba a ƙara ganinsa a wani taro ba, in ba na jana'iza ba.

Rasuwa

Allah ya yi masa rasuwa ranar wata Juma'a a watan Sha'aban na 2024, bayan jinyar hawan jini, aka binne shi a maƙabartar Birchi bayan La'asar. Ya bar matarsa Hajiya Saudatu da 'ya'ya huɗu: Rilwanu, Halimatu Sa'adiya, Atiku da Nana Fatima, da kuma jika guda da aka haifa bayan kisan mahaifinsa, aka raɗa masa suna Abdullatif. Allah ya jiƙansu baki ɗaya.