Burtu Biyu da Jaki Ɗaya

A shekarar da matata ta yi haihuwar fari ina ɗinki a bakin kasuwar Dogon Dutsi, da allura da zare, don keken ɗinki a lokacin sai a gidan Nasara. Ta tafi gidansu haihuwa kamar yadda aka saba, wani ƙauye kusa da Dumega. Aka yi suna, ta yi arba'in, ta ƙara wani arba'in ɗin, gero ya nuna aka girbe, ba a maido mini da ita ba. Duk wanda na aika sai ya dawo da amsa guda: tsohon ya ce a ɗan jima. Ni kuwa tuwon maƙwabta ya ishe ni, kuma kewarta nake yi ƙwarai, ko da yake a zamanin namiji ba ya faɗin haka a fili.

Tsohon nan shi ne surukina, maharbi ne da ake ji da shi a yankin. Dogo, siriri, magana ba ta dame shi ba. In na durƙusa gaishe shi, sai ya amsa yana duban rumbun da ke bayana. Na daɗe da yanke wa kaina cewa raini ne, ya ga ɗiyarsa ta ƙare a hannun mai zare wando.

Da sanyi ya shigo sai ga saƙo. Zai tafi arewa taryen barewa, in zo in raka shi, in mun dawo a yi maganar mayar da yarinya. Abin da ke faruwa shi ne, da damina barewa sukan bi sabuwar ciyawa can ƙasar Buzaye. In tabkunan can suka ƙafe, sanyi ya kama, sai su gangaro garke-garke har bakin gonakin ƙarshe. Maharbanmu kuma su hau su tarye su, ba su dawowa sai mangala ta cika da naman banda. Bindiga sai wanda kwamandan Nasara ya yarje wa, saboda haka kwari da baka ne, baka kuwa ba ya aiki sai an matso kusa. Ni a duniya ban taɓa kashe abin da ya wuce zakara ba, shi ma sai da aka riƙe mini ƙafafunsa. Amma na rufe rumfa na tafi.

Abin da ban yi lissafi da shi ba shi ne kunya. Mutum ba ya cin abinci gaban surukinsa, ba ya kallon idonsa, ba ya jan zance da shi. A gida akwai mata da yara masu kai magana su kawo. A hanya kuwa daga ni sai shi sai jaki. Safiyar da za mu tashi ya dafa wuyan jakin ya ce, "Jaki, hwaɗa ma mai ɗumki shi ɗaure salkar ruwa da kyawo."

Na ɗan jira, jaki bai ce komai ba. Na je na ɗaure. Sannan na gyara murya na ce, "Jaki, a gaya ma Baba an ɗaure."

Haka muka yi ta yi har muka wuce Matankari. Babu ɗan aiken da ya sha wahala irin ta jakin nan, ga kaya ga saƙo. Shi ne kuma a gaba kullum, tsohon na biye da hannu a kan ƙugunsa, ni a baya ina cirar ƙarangiya. Na ɗauka wani asiri ne na maharba, ban tambaya ba.

Cin abinci shi ya fi ba ni wuya. In aka dama gumba sai in ɗauki tawa in zaga bayan sabara in shanye a tsaye kamar ɓarawo. Wata rana muka sauka a rugar wasu Fulani, matar gidan ta kawo mana nono a ƙwarya guda da ludayi biyu. Tsohon ya dubi gabas, na dubi yamma. Ta tsaya tana jira. Da ta ga ba wanda ya taɓa, sai ta fara rantsuwa cewa nononta ba ruwa a ciki, ta kira ƙanwarta shaida. Daga ƙarshe ya juya mini baya ya sha, ni kuma na ɗauki saura na nufi bayan bukka, inda karen gidan ya ce bai san zancen ba. Da rabin nonon a rigata na dawo. Mijinta ne ya gaya mana barewa sun sauko, ya gan su a wani kwari gaba kaɗan, inda gonaki suka ƙare.

A nan aka fito da burtu. Kan tsuntsun ne na gaske da bakinsa, an kafa shi a kan lanƙwasasshen ice an rufe da fata. Maharbi ya ɗaura a goshi, ya yafa baƙin zane, ya duƙa yana tafiya yana saran ƙasa. Barewa sun saba kiwo tare da burtu, ba su gudunsa. Guda biyu tsohon ya zo da su. Ya ɗaura mini ɗaya, ya matse har na ji idona zai fito.

"Jaki, hwaɗa mishi burtu ba shi tari. Ba shi kuma cewa wayyo Allah in ya taka ƙaya."

Fitata ta farko na yi sara da ƙarfin da ya wuce kima, bakin ya kafe a ƙasa, na bi shi na kifa. Garken da ke gabanmu ya watse, ban ga komai ba sai fararen gindinsu. Ina jiran faɗa, sai na ji tsohon yana tambayar jaki, "Mi ya kore su?" Na yi mamaki, don a gabansa na faɗi. Na gaya wa jaki gaskiya, shi kuma tsohon ya ce gobe in zauna in riƙe igiya, aikin da ya dace da ni ke nan.

Washegari da hantsi na zauna a kan tudu ƙarƙashin wata aduwa, jaki a gefena. Barewa na kiwo can hannun hagu, jajaye, da yawa, wasu na ɗaga kai suna komawa. Tsohon ya ɗebi ƙasa ya saki ya ji inda iska ta nufa, ya duƙa. Ban taɓa ganin gwaninta irin wannan ba. Ya yi taku, ya yi sara, ya karkata kai, ya tsaya kamar ya ga fara. Da ban san shi ba da na rantse tsuntsu ne. Sai dai na ga yana karkata dama. Na ce dabara ce, zai zago musu ta baya. Ya ci gaba da dama. A can babu komai sai wani jan suri mai tsini biyu a ka.

Ya daɗe yana lallaɓar surin nan, har inuwar aduwa ta bar ni. Ya durƙusa, ya ja baka, ya saki. Kibiya ta kafe a tsakiyar suri, ƙasa ta zubo, barewa na gaske suka ji ƙara suka kama gabansu.

Dariya ta taso mini, na cusa bakin riga a baki ina girgiza. Ya tashi ya je ya kai hannu ya shafa surin, ya shafa tsinin nan biyu, ya tsaya da burtu a goshi. A nan dariyar ta mutu. Na tuna rumbun da yake gaisarwa a bayana, na tuna hannunsa a ƙugun jaki. Mutumin nan ba raina ni yake ba, ganina ne ba ya yi. Tausayi ya kama ni. Na tashi da sauri na zaga bayan sabara, ban fito ba sai da na ji takunsa.

"Jaki, iska ta juya," in ji shi.

"Jaki, a gaya ma Baba ni ma na ji ta juya."

Da gari ya waye na tsaya gaban jakin na yi masa doguwar magana. Na ce a gaya wa Baba ina jin kunyar in koma Dutsi ban koyi komai ba. In zai yarda, in shiga gaba da burtuna, shi ya biyo ni a baya yana gyara mini tafiya. Tsohon ya juya wajen jakin.

"Jaki, hwaɗa mishi shi shiga gaba. In ya ɓata, in zungure shi."

Ya kuwa cika alkawari. Tun daga gindin tudu bakin burtunsa yake samuna a mazaunai, in na yi sauri zunguri, in na yi nawa zunguri, wani lokaci ina jin don nishaɗi ne kawai. Gwiwoyina suka saluɓe, ban yi tari ba, ban ce wayyo ba. Na ja mu a hankali har cikin garken, har ina jin ƙarar cizgar ciyawa. Wani namiji mai ƙaho ya ba mu haƙarƙari. Na tsaya, na miƙa wuyan burtuna wajensa, na yi ta saran ƙasa ta nan. Na ji numfashin tsohon ya canza a bayana. A wannan kusancin ko inuwa ta ishe shi. Kibiya ta wuce ta gefen kunnena.

Dafin kibiyar bai bar shi ya yi nisa ba. Ni na bi jinin, ni na yanka. Muka kai shi gindin aduwa muka feɗe, tsohon ya hura wuta ya gasa hanta. Da ta nuna na yanki tawa na miƙe zan nufi sabarata.

"Zamna."

Na waiwaya na dubi jaki. Yana can nesa yana kiwo, ba da shi ake ba.

"Da kai nika. Jiya ka gani?"

"Ban ga komi ba, Baba."

"Ɗumki ƙila ka iya, amma ƙarya ba ka iya ba. Zamna ka ci."

Na zauna a gabansa na sa hanta a baki, sai juya ta nake. Shi kuwa yana ta ci hankali kwance. Can ya ce tun bara abin ya fara a idonsa, kamar hayaƙi. Ya riƙe yarinyar ne yana shan magani, yana cewa in ya washe ya ga fuskar abokinsa, wato jikan, sannan a tafi da shi. Bai washe ba.

"Matan gida duk sun ce da ni shika kama. Ban yarda da su ba, lallashi na sukai. Kai da ba ka iya ƙarya ba, hwaɗa mini."

Wata kunyar ke nan, don uba ba ya nuna ya ƙare wa ɗan farinsa kallo. Amma na kalle shi ranar suna ta ƙasan ido, na kuma kalle shi safiyar da muka taso. Kuma duk Dutsi an san ni da kunnuwa, yara har waƙa suke mini.

Na sunkuyar da kai na ce, "Kunnuwana na, Baba. Duka biyu."

Ya yi dariya har ya ƙware, na miƙa masa salka. Ya sha, ya share ido da bayan hannu.

"Allah shi kyauta. In mun koma ka ɗauki iyalinka." Ya laluba ya tura mini sauran hantar. "Amma ku dinga kawo min shi. Kunnuwa irin waɗanga ko da hannu sai in gane su."